Rubutun da ba na sha ba, da likitan cikin waya: da gaske suna rage damuwa?

Shin mutum zai ɗauki biro da takarda ya zazzage abin da ke cin ransa kuma ya ji sauƙi na gaske? Sannan wannan ganin likita ta waya da ake ta yayi yanzu, magani ne ko kuwa sabuwar hanyar cin kuɗin bayin Allah ce?

Maganar ta taso ne a wani gidan suna a Karantina nan Jidda, har shinkafa ta huce mata ba su gama musu ba. Wata yarinya da ke aikin shagala, wato aikatau, a wani gida can wajen Abhur ta ce ita fa wata uku kenan rabonta da barcin kirki, an ce mata ta riƙa rubuta damuwarta a littafi, kuma wai akwai likitar da ake gani ta waya. Ba ta rufe baki ba wata dattijuwa ta ce, "Ke 'yar nan, rubutu ai sha ake yi. A yi miki Alam Nashraha ƙafa bakwai ki shanye ki kwanta." Wata ta ce masu wayar nan duk 'yan damfara ne, ta gan su a TikTok. Wata kuma can gefe ta ce ita ta gwada ta ga amfani, amma hayaniya ta danne muryarta. Ni ma ina da ta cewa don duk hanyoyin biyu na bi su, har na ƙone a ɗaya kafin na gane kanta, amma gidan suna ba wajen doguwar magana ba ne.

Wace damuwar ake nufi tukuna?

Kalmar damuwa ta yi mana faɗi a baki. Wanda kuɗin haya ya cika masa yana cikin damuwa, wadda aka yi wa kishiya tana cikin damuwa, wanda ya kwana uku ya kasa tashi daga katifa shi ma damuwa muke cewa, alhali ba abu ɗaya ba ne.

Akwai ɓacin rai na yau da gobe, an san dalilinsa, kuma yana lafawa in kwanaki suka tura. Akwai kuma ciwon damuwa, wanda Larabawa ke ce wa ikti'ab, shi likitoci suna da ma'auninsa: sati biyu cur ko fiye, kusan kullum rai a dagule, abin da da yake faranta maka ya daina, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ba ɗanɗano, jiki ba ƙarfi, kana ganin kanka ba ka da amfani ga kowa. Sai fargaba, ita ce faɗuwar gaban da ba ta da hutu, a buga ƙofa gabanki ya yanke, waya ta yi ƙara daga Najeriya hannunki ya hau rawa kafin ki ɗauka.

Kuma ba Turawa suka fara wannan rabon ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934, ya bambance baƙin cikin da aka san sanadinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauka haka kawai ba gaira ba dalili, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana son magani. Mu dai mutanenmu ba kasafai suke cewa raina ba daɗi ba, sai dai ka ji ƙirjina ya yi nauyi, kaina kamar zai tsage, olsa ta tashi, a je saidaliyya, wato kantin magani, a sayo Panadol a ci gaba da aiki.

Me ya sa abin ya fi cin mu a nan

Ko 'yan ƙasar ba su tsira ba. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da Saudiyya ta fitar a 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku zai haɗu da irin wannan lalura a rayuwarsa, kuma mafi yawan waɗanda abin ya yi wa tsanani ba sa neman magani. Wannan fa 'yan ƙasa aka ƙirga, masu gida da dangi da asibiti kyauta. Mu Takari ba ma cikin lissafin.

Toh ki duba namu. Wata ta baro yaro yana rarrafe, yanzu ta bidiyo yake ganinta yana ɓuya a bayan kakarsa. Wani iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta mutu, duk motar da ta tsaya kusa da shi sai ya zaci jawazat ne, jami'an shige da fice, tsoron tarhil, wato a kama shi a mayar gida, yake kwana da shi yake tashi da shi. Wasu an haife su a Misfala ko Shara Mansur a Makka, ba su taɓa ganin Kano ba, nan ɗin ma ba takarda. Maza takwas a ɗaki guda, wankin mota cikin ranar Jidda, kuɗin bai shigo ba an riga an raba shi a gida. Sannan abin da ya fi ciwo, ba ka da bakin kuka. Ka ce wa na gida kana cikin wani hali ya ce, haba, kai da kake ƙofar Ka'aba? Ka faɗa wa na nan, kafin Magariba labarin ya kai Hindawiyya, don mu nan tsintsiya ɗaya ce, kowa ya san ƙanwar babar kowa. Sai mutum ya haɗiye, a ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma cikin ma yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Daga ina maganar rubutun ta fito

A shekarar 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, shi da Sandra Beall suka wallafa sakamakon gwajin rubutu da suka yi a kan ɗalibai 46 a wata jami'a a jihar Texas. Kwana huɗu a jere, minti 15 kullum, wasu aka ce su rubuta abu na banza kamar siffar ɗakinsu, wasu aka ce su rubuta abu mafi ciwo da ya taɓa samunsu, da abin da ya faru da yadda suka ji. Waɗanda suka haɗa labarin da abin da ke zuciyarsu, a ranakun rubutun sun fi jin ɓacin rai, wannan a riƙe shi da kyau, amma a watanni shida da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta ya yi ƙasa da na sauran.

Daga nan aka yi ta maimaita gwajin a wurare da yawa. A 2006 aka tattara gwaje-gwaje 146 aka duba su gaba ɗaya, sakamakon shi ne amfanin yana nan amma ɗan kaɗan ne, wasu ya yi musu sosai, wasu ba su ga komai ba. Ina faɗin wannan ne saboda masu tallan abin a waya suna magana kamar littafi da biro za su warkar da komai, kuma ba haka ba ne.

Me ya sa yake aiki ga waɗanda ya yi wa? Damuwa in tana cikin kai ba ta da kai ba ta da gindi, zagaye take yi, tunanin kuɗin makaranta ya shiga cikin na mutuwar Baba ya shiga cikin maganar da madam ta yaɓa miki da safe, duk su cure wuri guda. Hannu kuwa ba ya iya rubuta abu biyu lokaci ɗaya, dole ɗaya ya jira ɗaya, a nan curin ke warwarewa. Akwai ma binciken hoton ƙwaƙwalwa da aka yi a wata jami'a a Los Anjalis a 2007, ya nuna kiran abin da ake ji da sunansa, wannan tsoro ne, wannan fushi ne, yana rage tashin sashen ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawar haɗari.

Mu ma abin ba baƙo ba ne a gidanmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, alƙalami ta ɗauka ta yi masa marsiyya, ta zuba kewarta a takarda, haka ta yi wa mijinta Giɗaɗo da wasu makusantanta. Ba wanda ya ce ta rasa tawakkali.

Ni lokacin da Umma ta rasu ina nan, a tsaye a kicin aka kira ni, kafin in gama fahimtar maganar har an tafi kai ta. Na yi Umra na yi mata addu'a, na yi sadaka, amma wata huɗu duk dare sai in ji kamar an ɗora min turmi a ƙirji. Wani dare na ɗauki ragowar littafin lissafin ɗana, shafin baya, na rubuta "Umma, ki yafe min ban zo da azumin bara ba." Daga wannan layin ban ɗaga biro ba sai da na cika shafi uku, ina rubutu hawaye na jiƙa takardar har tawada ta baje. Sai a ranar na gane ba mutuwar kaɗai ke cina ba, laifi nake ɗora wa kaina, kuma watanni huɗun nan ban taɓa furta hakan ko a zuciyata ba.

Yadda ake yi, da inda yake juyewa ya zama cuta

Ba wani fasaha a ciki. Minti 15 zuwa 20, kwana uku ko huɗu, ki rubuta ba tsayawa, da boko ko da ajami ko Hausa da Larabci a cakuɗe yadda muke magana, ba malamin da zai sa jan biro. Wadda ba ta iya rubutu ba ta buɗe rikodar waya ta yi magana, an gwada wannan ma kuma yana taimakawa, amma ba a cikin WhatsApp ba, yatsa ɗaya ya zame muryarki ta tafi inda ba ki aika ta ba.

In matsalar barci ce akwai wanda ya fi wannan sauƙi. A wani gwaji na 2018 a Amurka, mutum 57, waɗanda suka ɗauki minti biyar kafin kwanciya suka jera ayyukan da ke jiransu gobe da jibi sun riga sauran yin barci da kusan minti tara. Kan ne ke sakin abin da ya san an ajiye masa a takarda. Akwai kuma wanda masu ba da shawara suka fi ba mutane, a raba shafi gida uku: me ya faru, me zuciyata ta raya min, wace hujja gare ni. Misali na kira gida sau uku ba a ɗauka ba, zuciya ta ce wani ya mutu ana ɓoye min, hujja kuma babu, sau nawa hakan ta faru ashe wuta ce ba a kawo ba waya ta mutu.

Amma akwai inda rubutun ke zama tuƙa da warwara. In kin duba littafin kin ga sati uku magana ɗaya ce, me ya sa ni, me na yi musu, kullum kina rufe shi ranki ya fi baƙi, toh wannan ba fitar da damuwa ba ne, ban ruwa kike mata. Alamar rubutu mai amfani ita ce labarin yana motsawa, yau kin ce na gane, gobe kin hango abin ta idon wancan mutumin, jibi kin rubuta abin da za ki yi. Sannan abin da yake ɗanye sharaf, an yi miki fyaɗe, an lakaɗa miki duka jiya, kin ga mutuwa da idonki, kada ki tilasta wa kanki tono shi ke kaɗai cikin dare. In kin fara kika ji numfashi na sarƙewa ki ajiye biron.

Yanzu ga abin da ba za ki ji a bakin masu koyar da wannan daga Amurka ko Abuja ba, kuma wallahi shi ya fi damuna. A ƙasar nan sihiri laifi ne da kotu ke hukunci a kai, kuma an sha zargin 'yan aikin gida da shi saboda wata takarda ko ƙulli da aka gani a kayansu. Ki ɗauka madam ta ɗaga katifarki ta ga takarda a ninke ƙanana-ƙanana, da haruffan Larabci amma ba Larabci ba, ga sunanta a tsakiya. Wa zai tsaya ya saurari cewa ajami ne, Hausa ce, damuwa kike saukewa? Don haka mai aiki a gidan mutane kada ta ninke takarda ta cusa a lungu, kada ta ƙona a banɗaki, kada ta rubuta sunan mutanen gidan. Littafin makaranta na kowa da kowa ya fi, a cikin jaka, da boko in an iya, ko kuma a rubuta a waya a sa mabuɗi, in an gama a goge. Shafin da kika san za ki yayyaga ki zuba a shara kuma kada ki sa aya ko sunan Allah a ciki, addu'arki ki yi ta da baki. Matar aure ma ta san gidanta, littafin da zai faɗa hannun miji ko abokiyar zama ya zama hujja a kanta gara ba a ajiye shi ba, amfanin yana cikin rubutawar ne ko da an goge daga baya.

Wa ke bayan wayar?

A nan ne ake cakuɗa abubuwa. Likitan ƙwaƙwalwa, wato ɗabib nafsi, cikakken likita ne, shi ke gano ciwo ya rubuta magani. Masanin halayya, akhissa'i nafsi, da magana yake aiki, zama bayan zama. Malami yana da nasa fagen na nasiha da ruƙya. Sai kuma wadda ta buɗe shafi ta sa hoton fure ta ce a turo matsala ta akwatin sirri, wannan ba ta cikin ko ɗaya, ko da zuciyarta fara ce.

Ita na fara faɗawa hannunta. Na biya, na yi mata saƙon murya kusan goma, ta ce in yi haƙuri in yawaita istigfari, wanda na riga na sani. Bayan sati biyu na ga labarina a shafinta, ta cire sunana amma ta bar sunan Jidda a ciki, ta bar azumin bara, ta bar yawan 'ya'yana, mutane ɗari suna sharhi a kan uwata. Wata maƙwabciyata ta kira ni ta ce, "Yaya, wannan ba ke ba ce kuwa?" Annabi (SAW) ya ce wanda aka nemi shawararsa amintacce ne, amana aka ba shi. Kuma ba ƙananan shafuka kaɗai ba, a 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, ɗaya daga cikin manyan masu wannan harka ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook don talla.

Toh abin na gaske yana aiki ta waya? Yana yi. Masu bincike a Suwidin sun tattara gwaje-gwajen da aka kwatanta jiyya ta intanet mai jagora da ta gaba da gaba, a ciwon damuwa da fargaba sakamakon ya zo kusan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gwada wani shiri na waya a kan 'yan gudun hijirar Siriya a Labanan, darasi biyar, da wani horarre da ke tuntuɓar mutum na kusan minti 15 duk sati, kuma damuwarsu ta ragu fiye da ta waɗanda ba su shiga ba. Sai dai mutane da yawa sun watsar a hanya, wannan ita ce babbar lalurar jiyyar waya a ko'ina, shiga da sauƙi fita ma da sauƙi.

Mai iƙama kuma yana jin Larabci ƙofofi a buɗe suke. Akwai layin waya 937 na Ma'aikatar Lafiya, akwai layin Cibiyar Bunƙasa Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙasa 920033360 da manhajarsu Qareebon, akwai manhajar Sehhaty, akwai na kuɗi irin su Labayh. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda in ransu ya ɓaci da Larabci suke kuka, wannan ya fi musu. Wanda ya zo da girmansa kuwa ciwonsa da Hausa yake, dole ya waiwaya gida, gidan da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha kukan cewa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Samun na gaske mai jin Hausa sai an bincika, ta hannun wanda ya san ma'aikatan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato ko na Maiduguri. Ki tambayi cikakken suna, inda ya yi karatu, inda yake aiki, lambar rajistarsa. Na gaske ba ya jin haushin wannan tambayar. Wanda ya ce cikin kwana uku za ki warke, ko tun zaman farko ya ce kishiya ce ta yi miki asiri, ko ya ce ki daina shan maganin asibiti, ko ya kawo tallan wani haɗi, ko ya nemi hotonki, ko ya fara kira tsakar dare yana sassauta murya, ki toshe shi kawai.

Abin da ke sa zaman waya ya yi aiki

Wuri shi ne na farko kuma shi ne wuyarmu. Likita a asibiti yana da ƙofar da ake rufewa, ke kuma ɗakinki na kusa da injin wanki ne ba makulli. Na ga wadda take hawa saman bene bayan La'asar kamar za ta kwashe shanya, na ga wanda ke zama a cikin motar kafil, wato ubangidan aikinsa, a fakin, wata kuma ranar hutunta take zuwa ɗakin wata tsohuwa da ta yarda da ita, tsohuwar ta fita ta ja mata ƙofa. A sa iyafis, a cika caji, a tabbatar da data don wayfay ɗin gidan aiki ana iya kashe shi kowane lokaci. A tuna Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, ƙarfe huɗu a Kano shida ce a Jidda, mutane da yawa sun rasa zaman da suka biya saboda wannan kawai. A yi yarjejeniya tun farko, in layi ya yanke wa zai kira wa, in IMO ya ƙi sai me. Wadda ba ta son bidiyo ta ce murya kawai, wadda take son mace ta nemi mace, haƙƙinta ne. Tafinta daga cikin unguwa kuwa ni ban ba da shawara ba, dalilin na faɗa a sama.

A nan littafin yake haɗuwa da wayar, kuma a ganina shi ne sirrin abin duka. Zaman bai wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, mu kuma gaisuwa kaɗai sai ta ci minti goma, ga kunya, ga nauyin baki, a ƙare da "lafiya lau, sai godiya" alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na samu likita ta gaske daga baya, zama biyu na yi ina kewaye-kewaye, a na uku na ce mata ba zan iya faɗa ba amma zan karanta, na buɗe shafin nan mai bajajjiyar tawada na karanta mata. Daga ranar aikin ya fara. Kafin kowane zama in rubuta abu uku da nake son mu taɓa, da yadda barcina ya kasance cikin satin, bayan mun gama in zauna minti goma in rubuta abin da ta ce da aikin da ta ba ni, don in na sauko ƙasa hayaniyar yara za ta share komai. A ba abin zama uku ko huɗu kafin a yanke hukunci, in jini bai haɗu ba a canja wani, ba cin fuska ba ne.

Masu hira da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT cikin dare, na san suna da yawa, abin yana iya taya mutum tsara tunani, amma ba likita ba ne kuma ba zai zo ya buga miki ƙofa ba in abu ya ɓaci.

Masu cewa rashin tawakkali ne

Dattijuwar gidan sunan nan ba maƙiyiya ba ce, abin da ta sani ta bayar kuma da ƙauna ta bayar. Tsoronsu biyu ne, kada a bar Allah a kama mutum, kada kuma a tona asirin gida ga bare. Na biyun sun yi gaskiya, na ɗanɗana. Na farkon ne nake ganin an haɗa abin da bai haɗu ba. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai kukansa ne ga Allah, amma a ayar da ke biye ya tura 'ya'yansa su je su nemo labarin Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu sunanta shekarar baƙin ciki a tarihin fiyayyen halitta. Mai hawan jini yana azkar yana shan ƙwayarsa ba wanda ya zarge shi. Ni ban bar karatun Ƙur'ani ba don ina rubutu, asali ma sai da nauyin ƙirjin ya ragu na dawo ina jin abin da nake karantawa.

Inda littafi da waya suke tsayawa

In tunanin kashe kai ya fara zuwa, ko mutum yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya kwana uku ba barci yana ta surutu, ko mai jego ta ƙi jaririnta tana ta kuka, wannan ba na littafi ba ne kuma ba na jiran zaman Juma'a ba ne. Asibiti ne a ranar, 997 na motar agaji ko 937, kuma a faɗa wa mutum ɗaya na kusa. Ko babu takarda, rai ya fi tarhil. Shi ya sa likitan waya na gaske tun zaman farko yake tambayar a ina kike da lambar wani naki.

Magani kuma kada a yi gangancin a rubuta a Kano a ba mai zuwa Umra ya taho da shi. Irin su tramadol da diazepam da pregabalin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a nan, za a jefa bawan Allah cikin bala'i a filin jirgi. In ana buƙatar ƙwaya likitan nan ne zai rubuta. Haka in tushen damuwar duka ne ko hana albashi ko hana hutun satin da doka ta ba 'yan aikin gida, rubutu ba zai biya ki haƙƙinki ba, akwai 1919 na cin zarafi a cikin gida, akwai 19911 na ƙorafin ma'aikata, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a nan Jidda.

Yarinyar nan ta biyo ni bakin ƙofa ranar sunan, ta ce, "Anti, ni fa aji huɗu na tsaya, rubutuna ba kyau." Na ce ƙanwata ba wanda zai gani. Na ba ta littafi mai shafi arba'in cikin na yarana, na ce kada ta sa sunan kowa na gidan, ta bar shi a jakarta. Shekaranjiya ta kira ni daga saman bene, iska na kaɗa wayar, ta ce ta yi kwana huɗun, na biyu ya fi wuya har ta kusa bari, barcin bai dawo duka ba amma ta gano ashe duk daren da ta yi bidiyo da ɗanta ne ba ta runtsawa. Mun samo mata wata likita mai jin Hausa, Juma'a mai zuwa ƙarfe biyar na nan, uku na can, ta ce shafin nan za ta fara karanta mata.